Yadda za ka gane asalin tsohuwar gitar bas da aka yi wa sauye-sauye

Ana cikin hunturu ƙanin matata ya shigo shagona a Garwa da gitar bas a naɗe cikin bargo, bakinsa har kunne. "Yaya, Allah ya kashe ya ba ni," in ji shi. "Fender ce, Precision ta 1972. Daga Beljiyam ta zo cikin kayan gwanjo." Ya riga ya ba dillali rabin kuɗi, sauran sai Juma'a. Na juya ta gaba da baya, ko minti biyu ban yi ba na ga lamba a farantin ƙarfen da ke baya, na kuma ga wata lambar dabam a kan gitar, can saman wuya inda ake ɗaure tsirkiyoyi. Na ce masa, "Ƙanena, zauna tukuna. Wannan baiwar Allah takardar haihuwa biyu gare ta."

Kamaru ƙasar 'yan bas ce, daga su Jean Dikoto Mandengue da Aladji Touré har zuwa Richard Bona da Etienne Mbappé, shi ya sa tsofaffin gitoci ke yawo hannu zuwa hannu: daga ƙungiyar kiɗa a Duwala zuwa coci a Ngaundere, daga can zuwa gidan biki a Marwa ko Njamena. Kowane hannu kuma sai ya taɓa wani abu. Abin da za ka riƙe shi ne, bas irin ta kamfanin Fender na Amurka ba dunƙulalliyar aba ba ce kamar garaya ko gurmi. Sassa ne aka haɗa da noti: wuya, gangar jiki, gada (ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jiki), kunnuwan ɗaure tsirkiya, mikiro mai ɗaukar sauti. Da sukudireba ɗaya za a raba su cikin minti goma a haɗa da na wata. Don haka kowane sashi za ka tambaye shi shekarunsa shi kaɗai, sannan ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Ka tanadi sukudireba mai kai huɗu da mai kai ɗaya, tef ɗin tela, tocila, mita irin ta masu gyaran rediyo, bargo, da waya don hoto. In za ka samu aron fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba jabun kuɗi da ita, ɗauko. Kuma tun kafin a fara, ka gaya wa mai kaya cewa za ka buɗe ta a gabansa. Wanda ya ƙi, cinikin biri a sama yake so ka yi.

Mataki na 1: ka auna, ka duba, kada ka kwance komai

Precision da Jazz nau'o'in bas ne na Fender: Precision ta fito a 1951, Jazz a 1960. Dukansu tsawon tsirkiya inci 34 ne, wato santimita 86.4, kuma tsofaffin suna da firet 20, wato siraran ƙarafan da ke gicciye a wuya. Aza tef daga ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a goshin wuya zuwa firet na 12, ya kamata ka sami santimita 43.2. In ka ga firet 22 ko 24, wuyan ba na tsohuwar Precision ko Jazz ba ne, ko me aka rubuta a kai. Auna faɗin ƙashin kuma: na Jazz siriri ne, milimita 38, na Precision tsakanin 41 da 44.

Akwai alamomin zamani da ido ke kamawa. Jazz ta farko, ta 1960 da 1961, maɓallanta biyu ne masu hawa biyu, daga baya suka koma uku. A 1966 aka fara sa mata manyan alamomi masu kusurwa huɗu a wuya maimakon ɗigo. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon 1980 wuyan Jazz noti uku ke riƙe shi, amma Precision ba ta taɓa barin huɗu ba a wancan lokaci. Sai ɗan katakon nan ko robar da ake jingina yatsa: a da ƙasan tsirkiyoyi yake, wajen siririyar, a wajen 1974 aka mai da shi sama, gefen kakkaurar. Na ƙanena a sama yake, kuma babu ramin noti a ƙasa. Shaida ta farko ke nan da ta ƙaryata 1972.

Mataki na 2: tambari da lamba, shaidun da suka fi saurin cin hanci

Tambarin da ke kai ɗan siririn leda ne da ake jiƙawa a ruwa a manna. Ana sayar da shi a intanet da kuɗin da bai kai na tsirkiya ba. Farantin baya kuwa noti huɗu ne tsakaninsa da wata gitar. Duk da haka a nan kowa ke farawa, a nan kuma yawanci ake tsayawa.

Ga yadda lambobin Fender na Amurka suka tafi. Daga 1954 zuwa 1976 a farantin ƙarfen baya ake buga su. Masu farawa da harafin L na 1963 zuwa 1965 ne. A Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender, kafin shekarar ta ƙare farantin ya fara zuwa da babban harafin F a tsakiya da lambobi shida. A 1976 lamba ta bar farantin ta koma kai, cikin tambari. Daga nan harafin farko ke nuna zamani: S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, lambar da ke biye kuma ita ce shekarar. S8 ke nan 1978. Sai dai kamfanin ba ya zubar da tambarin da ya rage masa, don haka S9 ta kai har 1981, akwai ma gitocin 1990 da aka sa wa N9. Na Meziko da M suke farawa, MN ko MZ ko MX. Na Japan na farko, 1982 zuwa 1984, JV ne, kuma Japan ma ta yi amfani da E a tsakiyar shekarun 1980, sai ka nemi inda aka rubuta ƙasar. Lamba mai V a faranti ta sababbin da aka ƙera a kan fasalin tsofaffi ce, ba tsohuwa ba.

To ka ga matsalar tamu: faranti mai F da lambobi shida da suka fara da 3, wanda ya dace da farkon shekarun 1970, ga kuma S8 a kai. Bas ɗaya ta wancan zamani ba ta fitowa da duka biyun. Ɗaya baƙo ne.

Haska tocila a karkace a kan tambarin. Na kafin 1968 a saman fenti yake, kana jin gefensa da farce, rubutun siriri ko na ruwan zinare. Daga ƙarshen shekarun 1960 rubutun ya zama babba, baƙi, an kuma shafe shi da fenti a sama. A wuyan shekarun 1970 fuskar kan takan yi duhu kamar ruwan shayi fiye da bayan wuyan, saboda fentin da aka fesa a fuskar dabam ne, shi kuma yana rinewa da tsufa. Wannan alama ce mai kyau, mai jabu ba kasafai yake tuna ta ba. In kuwa ka ga inuwar wani rubutu a ƙarƙashi, ko wurin ya fi sauran haske kamar an goge da samfefa, an cire wani suna ne aka ɗora wannan.

Mataki na 3: cire wuya

A nan gaskiya take kwana, a nan kuma ake yin ɓarna in an yi gaggawa. Sassauta tsirkiyoyin har su yi lagwab. Shimfiɗa bargo, kifar da gitar. Sassauta notukan a gicciye, kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya na riƙe da wuya da gangar jiki tare. Ka juyo ta, ka ɗaga wuyan sama kai tsaye. Kada ka girgiza shi hagu da dama, fentin bakin gurbin zai ɓantare, mai kaya kuma ya ce ka saya. In wata 'yar takarda ko kwali ta faɗo daga ciki, ajiye ta, da ita aka daidaita kwanciyar wuyan, dole ta koma inda take.

Dubi gindin wuyan. Kafin 1962 da fensir ma'aikaci ke rubuta wata da shekara. Daga Maris 1962 aka koma hatimi, irin "7 MAR 64 A". Mutane da yawa na ɗauka lambar farko ranar wata ce, alhali nau'in gitar ce: 5 Precision, 7 Jazz. Harafin ƙarshe faɗin wuya ne, A siriri, B matsakaici, C mai faɗi. Daga wajen 1972 zuwa 1980 sai aka koma lambobi takwas: biyun farko nau'i, 01 Precision, 02 Jazz, biyu na biye irin katakon wuyan, sannan mako, shekara, da ranar mako. Tawadar wannan zamani takan dushe, wani wuyan ma ba a buga masa komai ba, don haka rashin hatimi kaɗai ba ya kashe magana. Na ƙanena da 01 ya fara, lambar shekara kuma 8. Wuyan ya yarda da kansa: Precision, 1978.

Yanzu ƙirga ramuka. Gindin wuya huɗu, gurbi huɗu, kuma su hau juna daidai. Ramin da aka toshe da tsinke ko ɗan katako aka huda sabo a gefensa yana nufin wuyan da jikin ba tare aka haife su ba. Dubi bangon gurbin da tocila. Fender katako sak take amfani da shi, guda biyu ko uku ko fiye an manna gefe da gefe. In ka ga layi-layi a jere kamar falankin silin, jikin kwaikwayo ne mai araha, magana ta ƙare. A gurbin jikin da aka yi daga wajen 1963 akan ga wani ɓangare babu fenti, wurin sandar da aka ɗaura jikin a kai lokacin feshi. Gurbin da fenti ya rufe kaf, ko ka ga launi biyu ɗaya a kan ɗaya, ka yi zargin an sake fenti.

Lokacin mayarwa, ka fara juya kowane noti baya a hankali har ka ji ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sannan ka ɗaure. In ba haka ba zai yanka sabuwar hanya a katakon, rami ya buɗe.

Mataki na 4: ƙarƙashin garkuwa

Kwance garkuwar, wato faifan robar da ke fuska, ka jera notukan a kan takarda yadda suke. Ɗaga shi a hankali don wayoyi na manne da shi. Abu na farko, ramuka: kowane ramin faifan ya sami nasa a jiki, babu saura. Na biyu, launi. Fentin da ke ɓoye bai sha rana ba, ya kamata ya fi na waje haske, amma launin ɗaya. Ka ga ja a ciki baƙi a waje, ka san labari.

Sai 'yan gwangwanayen da ke ƙarƙashin maɓallan murya, waɗanda masu gyara ke kira pot. Su ne shaidun da na fi yarda da su, don mai sayarwa bai cika sanin suna magana ba. A bayansu ko gefensu akwai lamba. Ukun farko kamfanin da ya ƙera ne: 137 CTS, 304 Stackpole. Biyu na biye shekara, biyun ƙarshe mako. 1377822 ke nan CTS, 1978, mako na 22. A shekarun 1950 lambobin shida ne, shekara lamba ɗaya. Ka fahimci abin da wannan ke faɗa: gita ba za ta girmi pot ɗinta na asali ba, amma tana iya zama ƙanwarsa da watanni ko shekaru. Fender ta sayi pot masu yawa a 1966 ta yi ta amfani da su har ƙarshen shekarun 1960, saboda haka pot na 1966 ba ya nufin gitar 1966.

Ta yaya za ka san pot ɗin na asali ne? Dalma. Likin masana'anta ƙarami ne, tsaf, ya dushe da tsufa. Na mai gyara yakan zo da tudu, yana ƙyalli, ga ƙunar roba a gefen waya. Wayoyin kansu har wajen 1968 da zare aka lulluɓe su, bayan nan roba.

Mikiro, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, shi aka fi sauyawa. Precision daga 1957 guda ɗaya take da shi, rabe biyu, kowace tsirkiya da ƙarafa biyu masu santsin kai. Jazz dogaye biyu. In ƙarafan na da ramin makulli mai kusurwa shida, murfin kuma ruwan madara, galibi na kamfanin DiMarzio ne, wanda aka yi yayinsa a shekarun 1970 da 1980. Murfi baƙi shafaffe da batir mai bolt 9 a ciki, na kamfanin EMG ne ko danginsa. Juya mikiron: gindin na Fender baƙi ne har wajen 1964, daga nan ya koma ruwan toka, sau da yawa da kwanan wata ko hatimi. Don gwaji da mita ba sai ka kwance komai ba. Soka wayar da ke kai sauti amfilifaya a gitar, buɗe murya duka, ka aza tsinken mita ɗaya a kan bakin wayar ɗaya a jikinta. Precision mai lafiya takan nuna kilo-om 10 zuwa 11. Jazz, in ka rufe ɗaya ka buɗe ɗaya, 7 zuwa 8. Lambar ba ta tabbatar da asali, amma mita da ta ƙi motsi ko ta haura can sama tana gaya maka siririyar wayar ciki ta tsinke.

A tamu an fafe jikin an ƙara mikiron Jazz kusa da gada. Wannan gyara ne da aka saba yi, kuma da yawa sun fi son sautinsa. Amma da na ciro shi, ramin da kurfi da guduma aka yi shi, bango gatsa-gatsa, katako tsirara. Ramin masana'anta sumul yake, da fenti a ciki. Pot ɗaya na 1978 ne da dalmarsa ta asali, sauran biyun ƙananan na Asiya ne marasa irin waccan lamba.

Mataki na 5: fenti da ƙarafa

Har wajen 1968 fentin Fender siriri ne, yana tsattsagewa kamar ƙasar fadama da rani, yana sudewa inda hannu ke goga. Bayan nan aka koma mai kauri kamar gilashi, wanda ɓantarewa yake yi. Ka kai gitar ɗaki mai duhu ka haska fitilar 'yan canji: tsohon siririn fenti na ba da haske mai ɗan kore-kore bai ɗaya, wurin da aka yi faci kuma ya fito baƙi. Kada ka bari wani ya ce zai gwada da maganin goge jan farce, narkar da tsohon fenti yake yi. Ka lura da inda tsufan yake. Na gaske yana wurin da damtse ke kwanciya, da bayan da bel ke karta, da bayan wuya daga firet na 1 zuwa na 7. Tsufan da aka yi da samfefa ko'ina yake warwatse. A wurin masu tara tsofaffin gitoci sabon fenti kan zubar da kusan rabin darajar kaya.

Gada da kunnuwa ba sa ɗaukar lokaci. Cire gada ka ga ko ramuka biyar ne kawai a jere, ko akwai ƙari. Babbar gada mai nauyi da aka rubuta Badass gyaran 'yan shekarun 1970 ne. A bayan kai kuma ka nemi sawun tsofaffin kunnuwa a fenti da ramukan da aka bari fayau.

In ba Fender ba ce fa?

Kada ranka ya ɓaci da wuri. A shekarun 1970 da farkon 1980 masana'antun Japan irin su Fujigen da Matsumoku sun ƙera kwaikwayo masu kyau da sunayen Greco, Ibanez, Aria da Fernandes, ga kuma Tokai. Kyansu ne ma ya sa Fender ta ƙulla yarjejeniya a 1982 aka fara yi mata gita a Fujigen, har da Squier na farko, wato masu sauƙin kuɗi na Fender. Na Greco da Ibanez daga tsakiyar shekarun 1970 lambarsu harafin wata ce da shekara: A78 Janairun 1978, B Fabrairu, haka har L. Notukansu da awon milimita suke, na Amurka da inci. Tokai ko Greco ta gaske ta fi Fender ɗin da aka harhaɗa da tarkace, sai dai a saye ta da sunanta da kuɗinta.

Mataki na ƙarshe: lafiya, sannan ciniki

Asali ba ya kiɗa. Mai da tsirkiyoyi, ɗaura su daidai, ka danne kakkaurar a firet na 1 da na ƙarshe, ka dubi tazararta da firet na 8. Kaurin katin waya ko ƙasa da haka ya isa. In tazarar ta yi yawa, gwada sandar ƙarfen da ke cikin wuya: fara sassautawa kaɗan, sannan ka ɗaure rubu'in juyi. Wadda ta ƙi motsi, ko take juyawa ba ta kama komai, babbar cuta ce, kuma wuyan da ya murɗe kamar igiya ba mai gyara maka shi a nan kusa. Bakin firet da ke yankar hannu kuwa ba abin tsoro ba ne, aikin hunturu ne. Katakon da ya saba da laimar Duwala in ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ya gangaro Garwa ko Kusiri sai ya tsuke, ƙarfe kuma ba ya tsukewa. Magagari ke gyara wannan. Kada dai ka bar ta a but ɗin mota a watan Afrilu.

Ka rubuta kowane sashi da abin da ya faɗa, ka ɗauki hoton kowane hatimi kafin ka rufe. A takardar ciniki a sa lambar gitar, da lambar katin shaidar mai sayarwa, da shaidu biyu, don kayan coci da na ƙungiyoyi na ɓata, ba ka son wata rana a nuna ka a tsakiyar biki.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka je wurin dillalin tare. Na buɗe masa hotuna ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Alhaji, kayanka Fender ce, ban musa ba. Wuya da jiki na 1978 ne. Farantin na wata ne, an fafe jiki, pot biyu baƙi." Ya daɗe yana kallon S8 ɗin, ya ce shi ma haka aka ba shi, kuma na yarda, don bai ma san wuyan na fita ba. Ya kira mai kayan a waya, aka yi ta ja, daga ƙarshe aka yafe wa ƙanena fiye da rabin abin da ya rage. Farantin mai F na nan a jikinta, don notukansa na riƙewa da kyau, amma na rubuta 1978 da fensir a 'yar takarda na sa a ƙarƙashin garkuwa, saboda wanda zai buɗe ta bayanmu.